Na Saya Ne Ko Na Yi Haya? Hukuncin Motar da Kamfani Ya Riƙe Makullinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, wani dattijo cikin masu sallah tare da mu ya tsayar da ni a bakin ƙofa da wata tambaya da ban taɓa cin karo da irinta ba. Motarsa ta tafi tun watannin farko na yaƙi, kamar yadda motocin mutane da yawa suka tafi a Khartum. Da ya dawo gida, ɗansa da ke aiki a Saudiyya ya haɗa masa kuɗi aka sayi wata ta hannu, wadda aka shigo da ita daga waje. Mota lafiya lau, sai dai a allon gabanta akwai abubuwa a rufe: tayar da injin daga nesa, taswirar hanya, da wani ƙarin ƙarfin injin. Duk wanda ya taɓa sai allon ya nemi ishtiraki, wato a riƙa biyan kuɗi wata-wata. Wani yaro mai gyaran lantarkin mota a mantiƙar sana'a ta Umdurman ya ce masa zai iya buɗe su da kwamfuta. Sai dattijon ya ce: "Malam, motar nan tawa ce ko ba tawa ba? In na sa aka buɗe, na yi sata?"

Na ce ya ba ni mako guda. Ga abin da na tattara, na ga ya dace ɗalibai su ma su ji, domin babin ciniki da muke karantawa ba na raƙuma da dabino kaɗai ba ne.

Mu fara da fahimtar abin, tunda ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gane siffarsa ba. Motar zamani cike take da ƙananan kwamfutoci, waɗanda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Su ke auna man da zai shiga injin, su ke lura da birki da giya da makulli. Abin da ke tafiyar da su rubutattun umarni ne da ake kira manhaja. Da yawa daga motocin kuma suna ɗauke da layin waya a cikinsu, suna magana da kamfanin da ya ƙera su ta intanet. To da kamfanoni suka ga haka sai dabara ta zo musu: a sa wa kowace mota kayan gaba ɗaya tun daga masana'anta, sannan a rufe wasu da manhaja, wanda ya biya a buɗe masa, ranar da ya daina biya a rufe.

Wannan ba labarin shaci-faɗi ba ne. A shekarar 2022 kamfanin BMW ya sa kuɗin wata a kan na'urar ɗumama kujera a wasu ƙasashe, kimanin dala 18 a Koriya ta Kudu da fam 15 a Ingila, alhali wayoyin ɗumamawar suna nan cikin kujerar tun ranar da aka sayi motar. Mutane suka yi ca, kamfanin ya janye a watan Satumba na 2023. Na san wani zai yi dariya ya ce wa ke neman ɗumin kujera a Khartum, garin da a watan Mayu sitiyari ma sai da tsumma ake riƙe shi? Gaskiya ne. Amma ka ƙaddara na'urar sanyi ce aka rufe, ka ga dariyar ta ƙare. A ƙarshen 2022 ɗin kuma Mercedes ta tallata wa masu wasu motocinta na lantarki a Amurka ƙarin gudun tashi a kan dala 1,200 duk shekara, ba tare da an taɓa ko kusa ɗaya a injin ba. Kafin su duka, Tesla ta sayar da motoci masu batir mai awo 75 da aka taƙaita shi da manhaja ya tsaya a 60, a farashi mai sauƙi. A watan Satumba na 2017, da guguwar Irma ta tunkaro jihar Florida mutane suna gudu, kamfanin ya buɗe musu ragowar batirin daga nesa na 'yan kwanaki, suka samu ƙarin tafiyar kusan kilomita 50. An yaba masa, kuma abin a yaba ne. Amma a ranar mutane suka gane cewa akwai wani hannu daga nesa da ke iya ƙara wa motarsu ko ya rage.

Kamfanonin ba su ɓoye ra'ayinsu ba. A 2015 kamfanin John Deere mai ƙera taraktoci ya rubuta wa ofishin haƙƙin mawallafa na Amurka cewa manomin da ya sayi tarakta bai mallaki manhajar cikinta ba, izinin amfani da ita kawai yake da shi. General Motors ma ta faɗi makamancin haka game da motocinta.

Mu a Sudan wannan magana tana mana banbaraƙwai, domin mun taso a kan akasinta. Dattawa sun san sifinja, lorin Bedford ɗin nan na Ingila. Turawa sun ƙera shi don hanyoyinsu, ya faɗo hannun maƙeran Shandi da Madani da sauran garuruwa, suka kwance shi suka ƙarfafa shasi, suka ƙara ganyen sifirin, suka sa masa bodin ƙarfe da ƙarin tankin mai, ya koma ɗaukar kayan da masu ƙera shi ba su yi mafarki ba, yana keta rairayi daga Umdurman zuwa Ubayyid da Fashir da Janaina. Iyayenmu da yawa da suka taso daga Kano da Sakkwato da niyyar Hajji, a bayan irin waɗannan lori suka ƙarasa bakin Nilu. An daina ƙera su a Ingila tuntuni, suka ci gaba da aiki a nan, har wata Bajamushiya ta yi fim a kansu a 2009. Ba wanda ya taɓa aika wa Landan takarda yana neman izini. Haka bokasi: a-kori-kura ce ta kaya, aka yi mata rumfa da benci ta koma motar haya. Wannan shi ne urfinmu game da mota, kuma urfi yana da nauyi a babin ciniki.

To me Fiƙihu ya ce? Asalin bai'i shi ne ya ciro abu daga mulkin mai sayarwa ya sa shi a mulkin mai saye, da zatinsa da amfaninsa gaba ɗaya. Malamai suna kiran wannan cikakken mulki. Ijara kuwa, wato haya, amfani kaɗai take mallakarwa zuwa wani lokaci, zatin abin yana nan ga mai shi. Wanda ya sayi jaki ya hau, ya yi masa lodi, ya ba da aronsa, ya sayar, ya kai shi wurin mai maganin da ya ga dama. Wanda ya yi hayarsa kuwa sai abin da aka yi yarjejeniya a kai. Matsalar motar ishtiraki ita ce an karɓi kuɗinka da sunan bai'i, sannan ana mu'amala da kai kamar ɗan haya.

Haɗa bai'i da ijara a ƙulli ɗaya ba laifi ba ne a mazhabar Malikiyya, matuƙar an san kowanne da farashinsa. Saboda haka tambayar ita ce: kuɗin watan nan, a madadin me ake karɓarsa? Idan kamfani yana yi maka wani aiki da ke gudana, kamar taswirar da yake sabuntawa, ko na'urar bin sawun mota da ke buƙatar layin waya da ma'aikata a zaune dare da rana, wannan ijara ce ingantacciya. Ka so ka biya, ka so ka bari. Wanda ya shiga wannan hidima ta bayan gida da sunan ƙarya ya ci haƙƙin mutane, kamar mai jan wutar lantarki ta bayan mita, kuma kasancewar kamfanin na waɗanda ba Musulmi ba ne bai canza komai ba.

Amma wayar ɗumama kujera fa? Ƙarfen naka ne, batirin naka ne, man da ya caja batirin da kuɗinka ka saya. Kamfani ba ya kawo maka komai a ƙarshen wata illa ya janye hannunsa daga bakin ƙofa. Sharaɗin ijara kuwa shi ne amfanin ya zama mallakar mai bayarwa. Ba a ba mutum hayar ɗaki a cikin gidan da aka riga aka sayar masa. Kamfani zai ce ai manhajar tasa ce. Wannan hujja tana da rabin gaskiya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da Shari'a take karewa. Sai dai ku duba littafin da ke hannunku. Haƙƙin mawallafi ya hana ka kai shi maɗaba'a ka buga ka sayar. Bai hana ka karanta babi na goma ba, bai hana ka rubuta hashiya a gefe ba, bai hana ka sake masa bango in ya yage ba.

Saura maganar sharaɗi, a nan ne mas'alar ta yi zurfi. Akwai labari sananne a littattafan Fiƙihu na wani mai neman ilimi, Abdulwarisi ɗan Sa'idu, da ya tarar da malaman Kufa uku a Makka, ya yi wa kowanne tambaya ɗaya: mutum ya sayar da abu ya gindaya sharaɗi. Abu Hanifa ya ɓata cinikin da sharaɗin duka, ya kafa hujja da ruwayar hani ga haɗa ciniki da sharaɗi. Ibn Abi Laila ya inganta cinikin ya soke sharaɗin, hujjarsa ƙissar Barira, wadda Nana A'isha ta saya don ta 'yanta, iyayen gijinta suka ce sai dai wala'i ya zama nasu, Annabi (SAW) ya zartar da cinikin ya rushe sharaɗin. Ibn Shubruma ya inganta duka biyun, hujjarsa Jabir ɗan Abdullahi, wanda ya sayar wa Annabi (SAW) raƙuminsa a hanya da sharaɗin zai hau shi har Madina. Malaman Malikiyya suka ce Imamu Malik ya san hadisan duka, ya ajiye kowanne a muhallinsa, domin sharuɗɗa ba iri ɗaya ba ne.

Ma'aunin da suka bayar shi ne: sharaɗin ya warware manufar cinikin ko bai warware ba? In na sayar maka da dabba na ce kada ka hau, kada ka sayar wa kowa, kada ka kyautar, na yi maka abin da suke kira tahjiri, na ɗaure maka hannu a kan dukiyarka. Wannan ciniki ɓatacce ne, sai in na janye sharaɗin. In kuwa takurawar kaɗan ce, kamar na ce kada ka sayar wa wane shi kaɗai, ko na toge hawan dabbar na kwana biyu ko uku, an yi rangwame. Togiya kuma dole ta zama sananniya a lokacin ƙulla ciniki.

Ku ɗora mota a kan wannan ma'auni. Mutumin da ya je wurin wakilin kamfani, aka gaya masa ƙarara cewa batirin nan an taƙaita shi, ga farashinsa a taƙaice ga farashinsa a buɗe, ya zaɓi mai sauƙi ya sa hannu, to motarsa tana tafiya, manufar saye ba ta warware ba. Abin da na fi karkata gare shi shi ne ya cika alkawarinsa, kada ya karɓi rangwame da dama ya fasa makulli da hagu. Ba na son irin wannan ciniki, ina ganin kwaɗayi a cikinsa, amma ƙin abu daban, halatta saɓa alkawari daban. Idan kuwa sharaɗin shi ne ba mai gyara motar sai kamfani, ko in ka sa kayan gyaran da ba nasu ba injin ya ƙi tashi, alhali kana ƙasar da kamfanin ba shi da ko rumfa, wannan tahjiri ne tsantsa. Mun san ɗacin wannan. Daga 1997 zuwa 2017 muna ƙarƙashin takunkumin Amurka, manhajoji da yawa ba sa buɗuwa daga Sudan, katin biyan kuɗi na duniya kuma ba ya aiki. A watan Fabrairu na 2024 layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasa. Motar da sai ta gaisa da wani ofishi a Turai kafin ta yi maka aiki, ina amfaninta a irin wannan rana ga mai ɗauke da mara lafiya? Buɗe irin wannan makulli don gyara ko don motar ta tashi halal ne, ba na shakka. Ko a Amurka, tun watan Oktoba na 2015 hukuma ta halatta wa mai mota ya shiga manhajarta don bincike da gyara, kuma a 2020 mutanen jihar Massachusetts suka kaɗa ƙuri'a da rinjaye mai yawa cewa a ba makanikai masu zaman kansu bayanan da mota ke aikawa kamfani. Majalisar Fiƙihun da na ambata ita ma, a zamanta na Doha a 2003, ta yi magana a kan yarjejeniyar da mai ƙarfi ke rubutawa shi kaɗai, ɗayan sai dai ya sa hannu ko ya tafi, ta ce in akwai zalunci a ciki game da abin da jama'a ba su da makawa daga gare shi, wajibi ne hukuma ta shiga tsakani.

Dattijonmu kuwa bai ƙulla komai da kamfani ba. Daga hannun dillali ya saya, sharaɗi kuma yana ɗaure wanda ya ɗauke shi ne. Kayan da ke jikin motar nasa ne. In yaron ya ja waya ya sa makunni nasa, ko ya sa wata na'urar tayar da injin da aka saya a kasuwa, tasarrufi ne a cikin mulkinsa, kamar aikin maƙeran sifinja. In kuwa buɗewar sai da manhajar da aka sato ko lambar sirrin wani, ga shi abin ƙawa ne ba lalura ba, na ce masa ya bar shi.

Yanzu bari in juya ga namu laifin, don kada mu ƙare a zagin kamfanoni. Mulkinka a kan motarka yana tsayawa inda cutar da wani ta fara. Wanda ya sa aka ƙara wa injin ƙarfi ya bar birki yadda yake, wanda ya ƙara benci a amjad ya cusa mutum goma sha biyu a mazaunin bakwai, wanda ya cire matatar hayaƙi ya bar raksha tana turnuƙe unguwa, duk ba za su fake da "ai tawa ce" ba, domin titi na kowa ne. Canza injin ko launi ba tare da an sanar da murur ba saɓa wa hukuma ne a abin da ta tsara don maslaha. Mafi muni shi ne algus. Kwamfutar da ke buɗe makulli ita ce ke mayar da agogon kilomita baya, ita ce ke kashe fitilar da ke nuna jakar iska ta mutu. Annabi (SAW) ya hana a ƙi tatsar akuya ko taguwa kwana da kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai nono ce, ya kuma ba wanda aka yaudara zaɓin mayarwa. Motar da ta yi kilomita 300,000 aka mayar da agogonta 90,000, ita ce wannan akuya ba ragi. Mai motar da dillalin da ya sani da yaron da ya danna kwamfuta, duk sun yi tarayya. Haka wanda zai sayar da mota mai abubuwa a rufe, ko wadda aka taɓa ƙwaƙwalwarta har garanti ya faɗi, wajibi ne ya faɗa. In ya yi shiru, mai saye yana da zaɓin mayarwa da aibi.

Akwai kuma abin da ya fi damuna a wannan lokaci. A 2022 an kwashe taraktoci da injinan girbi na John Deere daga garin Melitopol na Yukren aka kai su Checheniya, sai aka rufe su daga nesa suka ƙi tashi. Na tabbata da yawa cikinmu sun so a ce motocinsu da aka kwashe tun daga 15 ga Afrilu 2023 suna da irin wannan makulli. To ku lura, ɗalibaina masu sana'ar lantarkin mota, kuna da yawa a darasin dare: ba duk makullin da aka kawo muku ne na zaluncin kamfani ba. Wani makullin shi ne abu na ƙarshe da ya rage yana tsare haƙƙin wani bawan Allah da ke gudun hijira a Masar ko Chadi. Wanda ya kawo mota ya ce a yi mata sabon makulli, ko a cire mata na'urar bin sawu, ko a goge lamba, ku nemi takardu ku gwada da lambar shasi. In babu, ku ba shi haƙuri, komai yawan abin da ya ajiye. Mai saye shi ma ya sani: dukiyar da aka ƙwace ba ta fita daga mulkin mai ita ko ta bi hannu goma. Ranar da ya gan ta ya kawo shaida zai karɓi abinsa, kai kuma sai ka bi wanda ya sayar maka da kuɗinka, in ka same shi.

Da mako ya cika na zauna da dattijon. Na fara tambayarsa takardun motar, ya kawo na kwastan da na murur, lambobi sun dace. Na ce masa motar tasa ce halak malak. Taswira hidimar kamfani ce, ya bar ta, wayar hannunsa ta ishe shi. Tayar da injin daga nesa, in yana so, a sa masa na'ura ta daban. Ƙarin ƙarfin injin kuwa na tambaye shi ina zai je da shi tsakanin Umbadda da Suk Libya, ya yi dariya ya ce dama yaron ne ya kwaɗaita masa. Mas'alar sabuwa ce, abin da na faɗa game da wanda ya sa hannu da saninsa fahimtata ce, kuma na yi niyyar rubuta tambayar zuwa Majalisar Fiƙihu ta Sudan. In amsa ta zo za mu buga ta a nan. Allah ne Mafi sani.